Inshorar lafiya ta ƙasa: a wane ma'auni ta ci, a wane ta faɗi?

Abu_Ƙofar_Marusa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Tambayata ga ma'aikatan lafiya da ke cikinmu ce, da duk wanda ke da katin inshora a aljihu. Tun 1999 aka yi dokar NHIS, wato shirin inshorar lafiya na ƙasa, aka ƙaddamar da shirin a 2005 zamanin Obasanjo. A watan Mayu na 2022 Buhari, Allah ya jiƙansa, ya sa hannu a sabuwar doka, hukumar ta koma NHIA, aka kuma ce inshorar lafiya ta zama dole a kan kowane ɗan Najeriya.

Hukumar Lafiya ta Duniya tana auna irin wannan tsari da tambayoyi uku: mutum nawa ke ciki, wane irin magani da aiki ake yi musu, sannan nawa ya rage majinyaci ya zaro daga aljihunsa. Ni kuma na ƙara ta huɗu: mai hali yana ɗaukar nauyin marar hali, ko kowa tasa ta fisshe shi? A ganina tun a tambayar farko muka faɗi. Ƙasar da ta haura mutum miliyan 200, waɗanda ke cikin inshora kowace iri wajen miliyan 20 ne, kusan mutum ɗaya cikin goma ke nan. Ina son jin ta bakinku, musamman wanda ke ganin ban yi wa shirin adalci ba.

Nas_Hadiza_Daura:
Wa alaikumus salam Malam Abu. Ba ka yi rashin adalci ba, amma kada mu raina abin da ke akwai. A ɗakin haihuwa nake aiki. Bambancin matar da ta zo da kati da wadda ta zo da kuɗin da mijinta ya ranto, ido ke ganinsa. Mai kati tana zuwa awo da wuri, ba ta jira sai jini ya ɓalle. Idan aka ce tiyata, miji ba ya fita waje yana buga waya yana neman mai sayen akuya alhali mace na kwance. Ga wanda ke ciki, shirin yana ceton rai. Damuwar ita ce 'yan ciki ba su da yawa.

Ɗan_Mashi:
To ai shi ke nan Hajiya, kin maimaita maganar Malam Abu. Mu manoma da 'yan kasuwa mi muka samu? A ƙauyenmu in ka cire malaman makaranta da ɗan sanda, ban san mai kati ba.

Sani_Akanta:
Bari in shigo ta ɓangaren kuɗi, don nan ne gindin maganar. Yadda aka tsara tun farko, mai ɗaukar aiki zai zuba kashi 10 cikin 100 na tushen albashi, ma'aikaci ya zuba kashi 5. Shekara da shekaru a gwamnatin tarayya ba a cire kason ma'aikaci ba, saboda ƙungiyoyin ƙwadago sun ƙi. Wato gwamnati ce ke biya, da kuɗin kowa, har da na Ɗan_Mashi da ke biyan haraji duk sanda ya sayi kaya, don a yi wa mai albashi magani. Malam Abu, ka ga amsar tambayarka ta huɗu: a wannan ɓangaren marar hali ne ya ɗauki nauyin mai ɗan hali. Abin ya juye.

Na biyu, dokar 1999 ba ta tilasta wa jihohi da kamfanoni shiga ba. Duk inshorar da aka bari ganin dama, masu lafiya da matasa ba sa shiga, sai wanda ya san yana da ciwo. Asusu kuwa ba ya tsayawa sai masu lafiya sun fi marasa lafiya yawa a cikinsa.

Ummu_Khalil:
Ni abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne ƙa'idar mace ɗaya da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18. Don Allah wa aka duba aka yi wannan lissafin? Maigidana ma'aikacin tarayya ne, mu biyu ne a gidan, yara sun fi huɗu nesa ba kusa ba. Uwargida ce a kati da manyan yara. Ni da nawa muna waje. Ranar da zazzaɓi ya kama yara biyu a gida ɗaya, ɗaya a kai shi asibiti da kati, ɗaya a saya masa magani a kemis. Uba ɗaya ne fa. Wallahi wannan kaɗai ya isa ya sa zargi tsakanin mata, ko da maigida mai adalci ne.

Sani_Akanta:
Hajiya Ummu Khalil, akwai hanyar ƙara iyali, ana biya wa kowane ƙarin mutum wani abu a shekara. Maigida ya tambaya a ofishin hukumar.

Ummu_Khalil:
Mun sani Malam Sani. Amma mai ƙaramin albashi da ke da ƙarin mutum shida ko bakwai, ga kuɗin makaranta ga hatsi, ina zai fara? Kuma tsohuwarsa da ke gidan, wadda ta fi kowa buƙatar maganin hawan jini, ita ma ba ta ciki.

Malam_Lawal_Rimi:
Maganar Ummu Khalil ta kai. Zan ƙara da yara masu sikila, don mu nan Arewa ba baƙon ciwo ba ne. Yaro ya cika 18, sunansa ya fita daga katin uba, ciwon kuwa bai san shekaru ba. In ya shiga jami'a ko kwaleji akwai shirin ɗalibai, TISHIP, in ya tafi bautar ƙasa nan ma an sa su tun 2022. Wanda bai samu gurbin karatu ba fa? Ya faɗa rami tsakanin shiri da shiri.

Baba_Mai_Fansho:
'Ya'yana ku bar ni in faɗi tawa. Na yi wa gwamnati aiki har na cika shekarun ritaya. Duk lokacin da nake da ƙarfi, ba na zuwa asibiti sai jefi-jefi, sunana na cikin kati. Da na ajiye aiki, suga da hawan jini suka zauna mini, sunan ya fita. Yanzu an ce akwai hanyar da 'yan fansho za su shiga su riƙa biya da kansu. Daga wane fansho? Ai amfanin tara kuɗi wuri ɗaya shi ne ƙuruciyarka ta yi wa tsufanka tanadi. Idan an sallame ka a daidai lokacin da jiki ya fara neman hakkinsa, to ba a cika wannan sharaɗin ba.

Nas_Hadiza_Daura:
Allah ya ƙara lafiya Baba. Gaskiya ce tsantsa, kuma irinku ne suka fi cika layin asibitin masu suga.

Dr_Kabir_KT:
Na karanta duka. Bari in yi magana a matsayin wanda ke zaune a ɗaya gefen tebur, don mu ake zagi idan aka ce "babu magani".

Asibitin da ka zaɓa a matsayin na farko ana biyan sa wani ƙayyadadden kuɗi a kan kowane mutum duk wata, ko ka zo ko ba ka zo ba. Da wannan zai duba ka, ya yi ƙananan gwaje-gwaje, ya ba ka magani, kai kuma ka biya kashi 10 cikin 100 na kuɗin maganin. Wannan kuɗi ya tsaya a naira 750 fiye da shekara 10. Ku tuna abin da ya faru a cikin waɗannan shekaru: dala ta tashi, a 2023 aka saki naira, kamfanin magunguna na GSK ya tattara ya bar ƙasar, farashin maganin asma da na kashe ƙwayoyin cuta ya ninka. A wancan farashin, asibitin da ke da mutum 1,000 a rijista naira 750,000 yake karɓa a wata. In mutum 150 suka zo da zazzaɓin cizon sauro a watan Satumba, ku yi lissafin gwaji da magani da ƙarin ruwa da man janareta. Ba ya fita. Shi ya sa za ka ji an ce "wannan ba ya cikin inshora" ko "ya ƙare, je ka sayo waje".

Daga Afrilun 2025 an ɗaga kuɗin zuwa naira 1,450, an kuma ɗaga farashin manyan ayyuka sosai. An samu sauƙi, ba na musu. Amma gyaran da ya kamata a riƙa yi akai-akai, aka bari sai da asibitoci suka fara ƙin karɓar masu kati. Ɗaya daga cikin sharuɗɗan inshora mai kyau shi ne farashin da take biya ya bi farashin kasuwa, in ba haka ba katin ya zama takarda kawai.

Ba na wanke mu gaba ɗaya. Akwai asibitocin da ke karɓar kuɗin wata su ware wa masu kati magani mafi arha da layi mafi tsawo. Wannan cin amana ne.

Aliyu_Funtua:
Likita ka taɓo inda ke mini ƙaiƙayi. Matata ce aka ce sai an yi mata hoton ciki a babban asibiti, aka ce sai kamfanin HMO, wato mai shiga tsakanin hukumar da asibiti wajen biyan kuɗi, ya turo lambar izini. Muka zauna tun safe, ana kira ba a ɗauka, har mai yin hoton ya tashi. Washegari na biya da kuɗina, don ba zan zauna ina kallon ta tana murƙususu ba. Su waɗannan kamfanonin mene ne aikinsu in ba riƙe kuɗi ba?

Dr_Kabir_KT:
Allah ya ba ta lafiya Malam Aliyu. A 2025 hukumar ta ba da umarni cewa kamfani ya fitar da lambar izini cikin awa ɗaya, kuma a lalurar gaggawa a fara aiki kafin lamba. In aka saɓa, ka rubuta ƙorafi zuwa ofishin hukumar na jiha, ka ajiye rasit ɗinka. Mutanenmu ba sa rubutawa, sai a ce "Allah ya isa" a tafi gida, kamfanin kuma ya ci bulus.

Ɗan_Katsina_Na_Asali:
Ai ɗanmu Farfesa Usman Yusuf ya faɗi wannan tun yana shugaban hukumar. Ya fito fili ya soki kamfanonin nan, shi ya sa suka ga bayansa.

Barista_Maryam:
A yi hattara da "shi ya sa". Abin da ke rubuce shi ne: ya hau a 2016, ya soki kamfanonin HMO a bainar jama'a, ministan lafiya na lokacin ya dakatar da shi a 2017 bisa wasu zarge-zarge, shugaban ƙasa ya mayar da shi a 2018, aka sauke shi a 2019 bayan rahoton kwamiti. Kowa da yadda yake fassara lamarin. Ni abin da na ɗauka a ciki shi ne, shekarun da hukumar ta kwashe tana rikicin shugabanci, ba wanda ke maganar yadda za a shigo da manomin Mashi. Tsayayyen shugabanci ma ma'auni ne, Malam Abu bai sa shi a jerinsa ba.

Kuma dokar 2022 ta rage wa kamfanonin nan ƙarfi a takarda, ta ɗora nauyi mai yawa a kan hukumomin jihohi. Don haka mu daina kallon Abuja kaɗai. Muna da tamu hukumar inshorar lafiya a Katsina, KTSCHMA, wadda aka kafa zamanin Masari.

Malam_Lawal_Rimi:
Ni malamin makaranta ne, ta jiha nake ciki. Ana cire mini a albashi, kuma na amfana, an yi wa ɗana aikin ƙaba ban sayar da komai ba. Abin da nake so shi ne a riƙa buga mana lissafi duk shekara: nawa aka tara, nawa aka biya asibitoci, nawa aka kashe a ofis. Wanda ake cire wa kuɗi yana da hakkin ya gani.

Ustaz_Bishir_Dutsinma:
Akwai abin da ba a taɓo ba, kuma yana hana mutane da yawa shiga. Jama'a sun ji malamai na cewa inshora haramun ce, sai suka haɗa duka. Abin da majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta yanke a Jidda a 1985 shi ne, inshorar kasuwanci da kamfani ke cin ribar kasadar mutane ba ta halatta ba saboda garari, wato rashin tabbas a ciniki, amma ta taimakon juna, wadda aka gina a kan kyauta da haɗin gwiwa, ta halatta. Jama'a su zuba a asusu ɗaya da niyyar wanda ya kwanta a ɗauke shi, kamar gayya ce a gona: yau a taka, gobe a tawa, wanda bai buƙata ba bai yi asara ba. Sharaɗi shi ne amana, da kuma kada a juya kuɗin ta hanyar riba. Ina roƙon 'yan uwana limamai su bayyana wannan a mumbari, amma su ma masu riƙe da asusun su fito su nuna inda suke ajiye kuɗin.

Ɗan_Mashi:
Ustaz ko an ce halas ne, wanda bai da na cefane yau ba ya biyan kuɗin ciwon da bai zo ba. Ku dawo kan tambayata. Mu da ba mu da albashi ta ina za mu shiga?

Nas_Hadiza_Daura:
Hanya biyu ce Malam. Akwai GIFSHIP, wanda mutum ko iyali ko ƙungiya za su biya na shekara. Ƙungiyar 'yan kasuwa ko ta masu Keke Napep za ta iya shiga a dunƙule. Sai kuma ta marasa ƙarfi, wadda ba a biyan komai. Dokar lafiya ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya don kiwon lafiya a matakin farko, kusan rabinsa yana bi ta hanyar inshora a yi wa talakawa rijista a asibitin mazaɓarsu. Masu ciki, ƙananan yara, tsofaffi da masu buƙata ta musamman su ake fara dubawa. Ka je asibitin mazaɓarku da lambar NIN ka tambaya.

Ɗan_Mashi:
An zo an rubuta sunaye a wajenmu. Gurbin kaɗan ne, kuma kin san yadda ake rabon gurbi a ƙauye. Wanda ke kusa da masu rubutu shi ke shiga.

Sani_Akanta:
Abin da Ɗan_Mashi ya faɗa lissafi ne ya haifar da shi. Lokacin sa hannu a dokar 2022 an ce asusun marasa ƙarfi zai ɗauki mutum miliyan 83. Ku ɗauki ko naira 15,000 ce ga kowane mutum a shekara, ku ninka, ya haura tiriliyan ɗaya. Kashi 1 cikin 100 ba zai ɗauki wannan ba. In gurbi ya yi kaɗan, dole a yi zaɓe, in aka yi zaɓe kuma sanayya ta shigo. Katsina kaɗai ƙananan hukumomi 34 ne da mazaɓu 361.

A 2001 a Abuja shugabannin Afirka suka yi alƙawarin ware kashi 15 cikin 100 na kasafi ga lafiya. Tarayya tana yawo a wajen kashi 5. Shi ya sa har yau fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa a lafiya a ƙasar nan daga aljihun majinyaci yake fitowa. Wannan ita ce tambayar Malam Abu ta uku, kuma a nan faɗuwar ta fi muni.

Hamza_Mai'adua:
Mu da ke bakin iyaka muna ganin Nijar. Tun wajen 2006 suka ce yara 'yan ƙasa da shekara 5 da tiyatar haihuwa kyauta ne. Su ma gwamnati na jinkirin biyan asibitoci, magani ya yanke. Kenan ba mu kaɗai ba ne, ko da wane suna aka kira shirin, in kuɗi bai sauka ba labarin ɗaya ne.

Barista_Maryam:
Haka ne, amma a duba Ghana. Sun yi dokarsu a 2003, bayan tamu, suka ɗora harajin kashi 2.5 cikin 100 a kan kayayyaki musamman don inshora, suka yafe wa yara da tsofaffi da masu ciki kuɗin shiga. Suna da matsalar bashin asibitoci, amma kason mutanensu da ke ciki ya ninka namu sau da yawa. Darasin shi ne, a ƙasar da mafi yawan mutane ba su da albashi, ba za ka gina inshora a kan cirar albashi ba. Jamus da ta fara wannan tsari a 1883 da ma'aikatan masana'antu ta fara, ta ɗauki shekaru masu yawa kafin ta game kowa. Mu muka kwaso samfurin muka kawo ƙasar manoma.

Aliyu_Funtua:
Barista ƙarin haraji kuma? A wannan halin? In za a rantse mini kuɗin asibiti za su tafi, zan yarda. Wa zai rantse?

Zainab_Batsari:
Ku yi haƙuri in karkatar da zancen kaɗan. Ko an ba kowa kati a yankinmu, ina asibitin? Wasu ma'aikatan sun bar ƙauyuka saboda 'yan bindiga, mace mai naƙuda da dare ba mai fita da ita sai gari ya waye. Kati ba ya buɗe asibitin da aka rufe. Duk ma'aunin da bai tambayi nisan mutum da likita ba, bai auna rayuwarmu ba.

Dr_Kabir_KT:
Maganarki dutse Malama Zainab. Kuma likitoci da nas suna ta ficewa Saudiyya da Ingila, waɗanda suka rage sun taru a birni. Sai dai in faɗi wani abu mai daɗi don kada a ce duka baƙi ne: a 2024 hukumar ta fara biya wa mata masu yoyon fitsari kuɗin aiki, aka kuma sanar da tiyatar haihuwa kyauta ga mata marasa ƙarfi a zaɓaɓɓun asibitoci. Mu da ke da cibiyar aikin yoyon fitsari ta Babbar Ruga mun san yawan matan da wannan ciwo ya raba da gidajensu. A ganina wannan ce hanyar da ta dace: a zaɓi lalurar da ke kashe talaka ko ta tsiyata shi, a biya ta kai tsaye, ba sai an jira kowa ya yi rijista ba.

Baba_Mai_Fansho:
Likita, wankin ƙoda fa? Maƙwabcina gona ya sayar.

Dr_Kabir_KT:
Baba, abin da inshora ke ɗauka a wankin ƙoda ƙayyadadde ne ƙwarai, mai ciwon da ya zauna kuwa yana buƙatarsa duk mako har ƙarshen rayuwa ko dashe. Ciwon daji ma wani ɓangare ake tallafawa. Wato cututtukan da suka fi rusa gida su ne shirin ya fi rauni a kansu. Wannan ita ce tambaya ta biyu, kuma amsarta rabi da rabi ce: ta ci a zazzaɓi da awo da ƙananan tiyata, ta gaza a manya.

Abu_Ƙofar_Marusa:
Na gode ƙwarai. Barista da Malama Zainab sun ƙara mini ma'auni biyu. Amma har yanzu ina kan bakana a kan na farko. Doka ta ce dole, to dole a kan wa? Wa zai tilasta wa mai shayi a bakin tasha, kuma da me?

Nas_Hadiza_Daura:
Ni ban yarda a fara da tilas ba Malam Abu. A gyara wa waɗanda ke ciki tukuna, su daina jin "je ka sayo waje". Ranar da mai shayi ya ga an yi wa matar maƙwabcinsa tiyata ba a karɓi ko sisi ba, da ƙafarsa zai zo.

Sani_Akanta:
Hajiya zai zo, amma sai matarsa ta yi wata bakwai da ciki. Abin da na faɗa a sama ke nan, asusun da masu buƙata kaɗai ke shiga ba ya ɗorewa. Dole a samo hanyar da za a karɓa daga kowa tun yana lafiya, ko ta haraji ko ta ƙungiyoyin sana'a.

Ummu_Khalil:
Malam Sani, tunda ka san lissafi, don Allah nawa ake biya yanzu in za a ƙara yaro ɗaya? Kuma ana iya sa tsohuwa mai hawan jini, ko sai a ce ciwonta ya riga rijista?

Sani_Akanta:
Farashin ya canza bayan ƙarin da Likita ya ambata, gara maigida ya karɓo na yanzu a rubuce daga ofis, ya tafi da NIN ɗin kowa. Ya tambaya har da tsawon jiran da ake yi kafin katin ya fara aiki, don ba ranar da aka biya ake fara amfani da shi ba.

Ɗan_Mashi:
Ustaz Bishir, in ƙungiyarmu ta manoma ta yarda za mu shiga a dunƙule bayan kaka, za ka zo ka yi wa dattawa bayanin nan da bakinka? Ni in na faɗa ba za su karɓa ba.

Ustaz_Bishir_Dutsinma:
In sha Allahu zan zo. Amma ku gayyato ma'aikacin hukumar shi ma, ya zo da jerin magungunan da ke ciki da sunan asibitin da za a ba ku, a karanta a gaban kowa kafin a karɓi kuɗin mutum ɗaya.